Ƙasar su Nokia da harshenta

Jama'a duk wanda ya riƙe Nokia mai tocila a Maradi ya taɓa kayan Finlan, amma tarihinsu ne ya fi burge ni. Su da kansu Suomi suke ce ma ƙasar, can arewacin Turai, daji da tabkuna ko'ina, mutanen ba su kai miliyan 6 ba. Suwidin ta mulke su shekara kusan 600, Rasha ta karɓe a 1809, sai 6 ga Disamba 1917 suka samu 'yanci.

To mafi yawan lokacin nan harshen Suwidin ne na ofis da lakkwal, nasu kuwa an bar ma talakan ƙauye, kamar dai yadda Faransanci ya yi mana a nan Nijar, abin da har yau yake min ciwo. Wani likita Elias Lönnrot ya bi ƙauyukan Kareliya, wani yanki da ke kan iyakar Finlan da Rasha, yana zama da tsofaffi yana rubuta waƙoƙin bakinsu, ya haɗa su cikin littafi mai suna Kalevala a 1835, kuma wallahi wannan aikin ya ɗaga darajar harshen sosai. Kareliyar ma Tarayyar Sobiyet ta ƙwace babban yankinta a 1940, mutum wajen 400,000 suka tashi suka bar gonakinsu.