Ranar da muka tsaga tsohon ƙyaure

Asabar.

Yau na tsaga katakon da zai zama fuskar jitar lantarkin nan da nake haɗawa. Tsohon ƙyauren zaure ne, na wani gida da aka rushe a cikin birni za a ɗora ginin siminti. An fito da shi tare da azara za a sayar wa masu girki, na kankare gefensa da wuƙa na ga maɗobiya ce, nan take na biya. Tun ƙarshen damina yake jingine a shago, sai yau na samu zuciyar taɓa shi.

Da safe aikin ƙusa muka yi, ni da yaron shagona. Na ba shi maganaɗisun wata tsohuwar lasifika yana bin falankin a hankali, duk inda ya ji ya kama sai ya sa alli, ni kuma in bi da filaya. Ƙusoshin maƙera ne, masu kusurwa huɗu, tsatsa ta cinye kawunan wasu sun nutse cikin itacen, sai an ɗan haƙa kafin a kamo su. Aikin yana cin rai, amma ba shi da gajeriyar hanya. Ƙusa ɗaya da ta ɓuya ta isa ta karya haƙoran zarton inji, ta kuma yi tsalle ta sami mutum a ido.

Wajen sha ɗaya muka isa Na'ibawa, 'Yan Katako. Dattijon da nake kai wa aiki ya juya falankin ya ga baƙaƙen ramuka, ya girgiza kai.

"Ɗana, tsohon katako ba ya hawa injina."

"Baba, na tsince shi tas. In ka sami ƙarfe ko guda, kuɗin zarton a wuyana."

Sai da ya karɓi maganaɗisun ya bi da kansa, sannan ya kunna. Tsagawar da nake so ta kauri ce, a raba falanki ɗaya ya zama sirara biyu, a buɗe su kamar littafi, zanen dama ya zama daidai da na hagu. Da ya miƙo mini su na shimfiɗa a kan benci, sai da masu dako biyu suka ajiye kaya suka zo kallo. Wajen ƙyauren ya yi toka-toka saboda rana da ƙura, amma cikinsa ruwan zuma ne mai ja-ja, da jijiyoyi masu duhu da suka taso daga tsakiya suka buɗe gefe da gefe. Baba bai ce komai ba, ya dai sa aka fere mini su zuwa kwatan inci, ya kuma ƙi barin yaransa su yi, shi ya tsaya a kai.

Mai jitar saurayi ne daga Agadas, yana kiɗan biki, can inda jitar lantarki ta zama abin da ba a buɗe taro sai da ita. Na tura masa hoto ta WhatsApp, ya kira yana murna, yana tambaya ko tsufan itacen zai sa sautin ya fi daɗi. Na gaya masa abin da na yarda da shi. A jitar lantarki, fikof ne ke ɗaukar sauti: maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye wajen 8,000, tsirkiyar ƙarfe na kaɗawa a kansa, yana mayar da kaɗawar lantarki ya tura wa amfilifaya. Fuskar da kaurinta bai wuce kwatan inci ba kaɗan take ƙarawa a nan, in ma ta ƙara. Ba zan sayar masa da labari ba.

Abin da tsohon katako yake da shi wanda sabo ba shi da shi, ya gama motsi. Duk kafinta a Kano ya san yadda ƙofa ke kumbura a watan Agusta ta ƙi rufuwa, hunturu na shigowa ta tsuke ta bar tsaga. Masu ƙera kayan kiɗa suna neman katakon da danshinsa bai wuce kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari ba, mu kuwa yawancin abin da ke kasuwa ɗanye ake sauke shi daga mota. Wannan ƙyauren ya sha damina da hunturu tun kafin a haife ni, gara ma ba ta iya da shi ba. Jitar da za ta je busasshiyar iskar Agadas irin wannan take bukata.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Maɗobiya ta sha sara a ƙasar nan. Wanda ya bi hanyoyin Taraba shekarun baya ya ga tireloli maƙare da gungumenta, 'yan kasuwa na kiranta Madrid, ana kai ta tashar jirgin ruwa zuwa Sin don yin kujeru da gadaje. Abin ya kai a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. Itace ce da makiyaya ke sassabe ganyenta wa shanu da rani, a Mali da Gini kuma da ita ake yin sandunan balafon, abin kiɗan da ake bugawa na jerarrun katakai. Ba zan iya zuwa in ce a saro mini sabuwa don ado ba, alhali ga wadda aka sare tun zamanin kakanni za ta tafi murhu.

Bayan azahar na gyara bakin falankan biyu. Ana haɗa su a ɗaga sama a duba ta rana, in haske ya ratsa ko kaɗan sai a koma. Da suka zauna na shafa gam, na matse, na ɗora nauyi a kai don kada tsakiyar ta tashi.

Kafin gam ya kama na koma kan gangar jikin, wadda na yanka daga maɗaci. Maɗacinmu na arewa nauyi gare shi, ita ma maɗobiyar haka, shi kuwa mai jitar a tsaye yake kwana da ita rataye a kafaɗa. Don haka na rarake ramuka a ciki ta gefe biyu, na bar tsakiya cike inda wuya da fikof da jakin tsirkiya, wato abin da tsirkiya ke hawa a jikin jitar, za su zauna, na kuma fitar da hanyar wayoyi. Fuskar za ta rufe duk wannan. Ina so jitar ta tsaya ƙasa da kilo 4, kaurinta gaba ɗaya inci 1¾.

Da na ja layin tsakiya na auna, sai wata matsala ta fito. Tsawon tsirkiya irin na jitocin kamfanin Fender na zaɓa, inci 25.5 daga kan wuya zuwa jaki, na 12 cikin ƙarafan da ke gicciye a kan wuyan ya faɗo daidai rabi, inci 12.75. Wannan awon ba ya karɓar roƙo. In jaki ya goce, duk yadda aka ɗaure tsirkiya jitar ba za ta yi daidai a saman wuya ba. To, wani ramin ƙusa ya faɗo dab da inda sukurun jakin zai shiga. Shi kaɗai zan toshe da guntun maɗobiya daga ragowar ƙyauren. Sauran, da baƙin da tsatsa ta bari kewaye da su, zan cika su da gam mai gani-har-hanji, su tsaya a fili.

A kan wannan muka ɗan ja da mai jitar da yamma. Shi jan fenti mai sheƙi yake so, irin wanda ke ɗaukar ido a filin biki, kuma na fahimce shi, sana'arsa ce. Na ce masa, ɗan'uwa, in fenti za a yi, da kowane katako ma ya wadatar. Muka tsaya a kan bayan jitar da gefenta su sha ja, fuskar kuma mai kawai za a shafa mata, shafi bayan shafi, har ta yi ƙyalli da kanta. Ya ce in shafa a kan guntu in turo masa hoto kafin ya ba da amsa ta ƙarshe.

Na yanko guntun, na shafa na farko kafin magariba. Matsin zai kwana har Litinin, ranar zan manna fuskar a jikin maɗacin, in Allah ya kai mu.