Garin ɓawon ƙwai ya kwana a buɗe

Laraba, bayan isha'i.

Tun kafin in tashi daga kan gado na tuna ban rufe kwanon farin garin nan ba. Ko da na shiga ɗakin gwaji, ga shi a kan tebur kamar yadda na bar shi. Na ce ai gari ne, me iska za ta yi masa? Na auna, na zuba cikin tsohon man suya don haɗa biyodizal, wato dizal ɗin da ake yi daga man girki, na ƙara metanol, wani nau'in sinadarin alkohol, na kunna na'urar motsawa.

Garin ɓawon ƙwai ne da na gasa a digiri 900. Ɓawon kusan duk kalsiyam kabonet ne. Wuta ta kore iskar kabon, ya koma kalsiyam oksaid, shi ke ingiza mai da metanol su zama biyodizal. Abin da ya sa nake sonsa, ba ya narkewa kamar soda, wadda aka saba yin wannan aiki da ita. Soda kan yi sabulu da tsohon mai, sai an yi ta wanke dizal ɗin da ruwa, ruwan kuma ya zama wata masifar. Wannan tace shi kawai za ka yi, ka sake aiki da shi.

Awa uku ina gadin zafi kada ya wuce 65, don nan metanol ke tafasa. Na juye a mazurari. Kullum gilisarin, abin da ke warewa daga man idan haɗin ya yi, kan kwanta a ƙasa, ja-ja mai kauri, dizal rawaya a sama. Yau sai wani siririn layi kamar zare.

Malam ya leƙo, ya girgiza kwalbar. "Ka bar shi ya sha iska ko?"

"Malam, kwana ɗaya ne fa."

"Danshi da iskar kabon ba sa jiran kwana biyu. Sun rufe masa fuska, yana komawa abin da ka fitar da shi. Gasa shi kuma."

Kunya ta kama ni. Ya kuma tuna min ma'aunin Turai, EN 14214: kalsiyam da magnesiyam kada su wuce miligram 5 a kilon biyodizal, shi kuma garin nawa yana ɗan zubar da kalsiyam cikin mai. Wannan ce babbar wahalar, ba mantuwata ba.

Yanzu garin yana tanda. Na manna takarda a murfin kwalbarsa: "Rufe ni."