Godiya bayan zaman makokin Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya aka tashi daga zaman makokin Baba, tsohon da na shafe shekara shida ina kula da shi a nan Manchester, sai yau na samu natsuwar zama in yi godiya. Wayata cike take da saƙonnin da ban amsa ba, a yi min afuwa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Bayahude ne, haifaffen unguwar Cheetham Hill, kuma ya haura shekara 100 kafin ya rasu. Ranar da na fara aiki a gidansa ya tambaye ni garinmu. Na ce Nijeriya. Ya ce ai gari ya tambaya. Da na ce Kano, sai ya yi shiru, can ya ce in buɗe durowa in ɗauko masa wani littafi mai shuɗin bango. Littafin da sojan sama ke rubuta duk tashinsa da saukarsa ne. Ya yi ta buɗawa da yatsunsa masu rawa har ya tsaya a wani shafi na 1941, ya ɗora yatsa a kan wata kalma da tawadarta ta koɗe: Kano. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Sannu." Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

A bakinsa na fara jin wannan tarihi, ni da aka haifa a Fagge. Da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a watan Yunin 1940, hanyar Bahar Rum ta zama haɗari ga Ingila. Sai aka riƙa loda jiragen yaƙi cikin akwatuna, jirgin ruwa ya kai su Takoradi a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, El Fasher, Khartum, har Alƙahira. Tafiyar kusan kwana shida. Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya. Baba shi ne mai duba taswira a cikin jirgin Blenheim da ke shiga gaba, ƙananan jiragen Hurricane na biye da shi kamar 'yan tsaki, in ya ɓata duk sun ɓata. Ya ce babu abin da ya fi ba shi tsoro irin hazon hunturu, lokacin da sama da ƙasa ke komawa kala ɗaya, kuma bai taɓa manta sanyin da ke ratsa zuciyarsa ba idan ya hango ganuwar Kano da Dutsen Dala.

Bayan 1945 ya dawo gida ya tarar dangin mahaifiyarsa da suka rage a Lituweniya babu ko mutum ɗaya, 'yan Nazi sun kashe su. Wannan bai cika zancensa ba. Ya shiga sana'ar ɗinka rigunan ruwa da keken ɗinki biyu, har ta kai yana da masana'anta. Da girma ya zo, jama'arsu suka ɗora masa shugabancin kwamitin majami'arsu, shi ke tara kuɗin gidan tsofaffi, shi ake tasa da dare idan an yi rasuwa. Duk Nuwamba, muddin ƙafa na ɗaukarsa, sai ya je Landan faretin tsofaffin sojojin Yahudawa a Whitehall.

Godiyata ta farko ga 'ya'yansa da jikokinsa. Ni ma'aikaci ne, albashi ake biya na, babu wanda zai ga laifinsu da sun sallame ni a bakin ƙofa. Amma a maƙabarta babban ɗansa ya yafito ni in zuba ƙasa. A al'adarsu ba a miƙa shebur hannu da hannu, sai mutum ya kafa shi a tudun ƙasar na bayansa ya zare. Na zara, na zuba, na ji ƙarar ƙasar a kan akwatin katako marar ado, daga nan hawaye suka ci ƙarfina. Kwana bakwai suna zaune a kan gajerun kujeru, madubai a lulluɓe, kuma duk wanda ya shigo gaisuwa sai sun nuna ni sun ce ga wanda ya riƙe mahaifinmu. Na gode, Allah ya ba ku haƙuri.

Malam, limamin masallacinmu, na gode. Na kira ka da asuba raina a dagule, ina tambayar ko ya dace in je. Ka tuna min cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya ce ashe ba rai ba ne. Ka kuma yi min bayanin iyakar abin da zan yi da wanda zan bari. Da wannan na tafi hankalina a kwance. Masu turo min saƙo suna tambayar me ya haɗa ni da Bayahude, amsata ita ce mutumin nan shi ke duba agogo ya ce min lokacin sallarka ya yi, tafi, zan jira. Shekarar da mahaifina ya rasu, shi ya biya min kuɗin jirgi zuwa Kano, ya kuma hana a taɓa albashina.

Yaya, kai da Alhaji da kuka bar aikinku kuka raka ni gaisuwa cikin ruwan sama, Allah ya bar zumunci. Abokan aikina da suka karɓe min aikin dare, na gode. Maiɗakina, ke kika riƙe gida da yara makonni uku na ƙarshe da nake kwana a gefen gadonsa, ba ki taɓa ɓata rai ba. Allah ya saka miki da alheri, ya yi wa zuriyarmu albarka.

Da zan fito jiya, 'yarsa ta miƙo min ambulan. Hoton shafin nan ne na 1941, sun sa an ɗauka an wanke min. In Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara zan tafi da shi gida in nuna wa Hajiya, don ta daɗe tana tambayata labarin tsohon nan da yake aiko mata da gaisuwa.