Gidan da na kira kango

Har yau idan na tuna sai kunya ta rufe ni. Wata Asabar na saɓi kyamarata daga unguwar Nima a Accra, na hau trotro, motar haya, zuwa Jamestown tun da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi ta wanke launin bango. Can ban sha wata wahala ba. Na ɗauki hasumiyar nan mai ja da fari ta haska wa jiragen ruwa hanya, da James Fort da Turawan Ingila suka gina a 1673, inda aka tsare Kwame Nkrumah har 1951, da tsofaffin benaye da iskar teku ta cinye kwanonsu. Mutanen wurin sun saba da masu kyamara, iyaka wani ya ce a ba shi na goro.

A Sabon Zongo na yi ɓarnar, cikin namu, unguwar da Malam Bako ya kafa fiye da shekara 100. A wani lungu na ga zaure, siminti ya ɓantare har ana ganin jar ƙasar ciki, wata 'yar bishiya ta tsiro a tsagar bango, ƙofa a buɗe, shiru kake ji. Na kutsa kai ba sallama. Da daddare na sa hoto ɗaya a Facebook, na rubuta a ƙasa: "Kango a Sabon Zongo."

Ko kwana biyu ba a yi ba ƙanen babana ya kira ni, ko gaisuwa bai bari na gama ba. Ashe gidan surukansa ne. Akwai tsohuwa a ɗakin baya da jikokinta, ranar sun tafi suna ne. Abin da ya fi ɓata musu rai, wani ya zo ƙarƙashin hoton yana tambaya ko filin na sayarwa ne. A Ankara, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran Accra, ka ce gida ba kowa, ai ka kira dillalai ke nan.

Da goro muka je ban haƙuri. Na durƙusa na ce, "Kaka, a yafe mini." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, da ka shiga ka yi sallama?" Na ce a'a. Ta ce, "To ta ina ka san ba mai amsawa?"

Ita ta faɗa mini dalilin lalacewar. Gidan gado ne, magada sun watsu, wasu Kumasi, wasu Jamus. Duk wanda ya kawo buhun siminti sai 'yan uwa su ce so yake ya mallake gidan, shi ke nan kowa ya naɗe hannu, damina na ci.

Da na koma na buɗe hoton a kwamfuta, ga buta nan a gefen zaure, ƙasan ta a jiƙe. Ina ta auna haske da tsagar bango, buta ba ta shiga idona ba! Yanzu kafin in ɗaga kyamara sai na duba igiyar shanya, toka a murhu, mitar wuta. In yi sallama sau uku, in ba a amsa ba in nemi mai shayi ko mai koko na bakin lungu in tambaya gidan wa ne. Kalmar kango kuwa na daina rubuta ta sam.

Hoton dai na goge shi a gaban Kaka, har na cikin kyamara. Shekara biyu ke nan ina yawon lunguna, ban sake samun haske irin na zauren nan ba.