Talata, wajen haɗa kayan Umma

Hazo ya sauko sosai yau. Abban Sadiq ya fita da mota tun sassafe, don haka a-daidaita-sahu na hau zuwa Gwammaja. Cunkoso kamar kullum.

Jibi ne jirgin Umma zuwa Landan. Tunda Zainab ta haihu a can Umma ba ta da wani zance sai na tafiyar nan, kuma na samu falo ba wurin taka ƙafa: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa a leda cikin leda, yajin jego, kanwa, atamfofin suna. Kilishi da man shanu tun makon jiya na sa aka cire, don Ingila ba a shiga mata da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu. Wannan Umma ta haƙura ba musu. Rigimar yau a kan jakar hannu aka yi ta.

Ina zuge jakar na ga kwalbar humra, babbar nan da Ya Falmata ta haɗa mata tun kafin azumi, an naɗe ta da ɗankwali. A gefenta gorar zuma, sai wata gora ta zamzam da Baba Malam ya yi wa addu'a saboda jariri.

Na ce, "Umma, waɗannan ba za su wuce a jakar hannu ba. Sai dai a sa a babban akwati."

Ta ce, "Akwatin da ake jifa da shi kamar buhun gawayi? Wancan zuwan ba a ciki turarena ya fashe ba? A cinyata zan riƙe abina har mu sauka."

Na zauna na yi mata bayani yadda zan iya. Duk wani abu mai ruwa, ko mai, ko mai danƙo irin zuma da man shafawa, ba a yarda mazubinsa ya wuce mililita 100 ba, kuma duka sai sun shiga cikin 'yar leda guda mai nuna abin da ke ciki, wadda ba ta wuce lita ɗaya ba. Girman kwalbar ake dubawa, ko da abin da ya rage a ciki cokali biyu ne. Magani da madarar jarirai ne ake ɗaga wa ƙafa. Kuma ko an bar ta ta wuce a nan, za a iya sake caje ta a Alƙahira kafin ta hau jirgin Landan, can kuwa ba ta da wanda za ta yi wa bayani da Hausa. A kwandon shara za su jefa humrar tana kallo.

Ta ce, "To dalili? Turare ne fa. Su shinshina mana."

Sai na ba ta labarin. A watan Agusta na 2006 'yan sandan Birtaniya suka kama wasu mutane da suka shirya tarwatsa jiragen da ke tashi daga filin jirgin Heathrow zuwa Amurka da Kanada. Dabararsu ita ce su tsiyaye lemon kwalba ta ƙasa ba tare da sun ɓalle murfin ba, su ɗura sinadari mai fashewa da aka rina ya yi kalar lemon, su shiga da shi a hannu, su ƙarasa haɗa bam ɗin a cikin jirgi. Na'urorin lokacin suna ganin wuƙa da bindiga, amma ba sa bambance lemo da wancan ruwan. A kwanakin farko ma jakar hannun gaba ɗaya aka hana a Birtaniya. Kafin shekarar ta ƙare aka tsaya a kan mililita 100, sauran ƙasashe suka bi.

Umma ta saurara har na gama, sannan ta zame ɗankwalinta baya kaɗan ta nuna min kanta. "Ke 'yar nan, dube ni da kyau. Da furfurar nan tawa ce zan tashi jirgi?"

Ban samu amsa nan take ba. Kafin in buɗe baki Kabiru ya leƙo daga tsakar gida yana cewa ai duk kasuwanci ne, a ƙwace maka ruwanka a ƙofa don ka sayi nasu da tsada a ciki. Raina ya ɓaci da maganarsa, na kuwa gaya masa. Tsadar ruwan gaskiya ce, amma mutanen nan an kai su kotu, an nuna bidiyon wasiyyar da suka ɗauka, an yanke wa jagororinsu ɗaurin rai da rai a 2009. Da abin ya yiwu musu, ɗaruruwan mutane ne za su hallaka a saman teku, har da mata masu goyo da tsofaffi masu zuwa ganin jikoki. Ba na son yadda muke mayar da komai makircin neman kuɗi, don yana sa mu manta cewa akwai masu son kashe mutane da gaske.

Umma ce ta katse mu. A hankali ta ce, "Kamar yaron nan na Funtuwa, wanda ubansa ya kai ƙararsa."

Falon ya yi tsit. Ban zaci tana tune da shi ba. Umar Faruk Abdulmutallab, wanda ya taso daga Legas ya bi ta Amsterdam, ranar Kirsimeti ta 2009 ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin da zai kai shi Detroit a Amurka. Shekararsa 23, ɗan babban gida, ya yi karatun injiniya a Landan. Makonni kafin nan mahaifinsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙafarsa ya ce yana tsoron hanyar da ɗansa ya ɗauka. Ina tuna yadda gidanmu ya kwana ana maganar uban, ana cewa wannan wace irin zuciya Allah ya ba shi. Da shigowar 2010 Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da za a riƙa yi wa matafiyansu ƙarin bincike. An janye tsarin bayan 'yan watanni, amma duk wanda ya taɓa miƙa koren fasfo a ƙasar waje ya san irin kallon da ke biyo baya wani lokaci. Umma ta ce, "Wake ɗaya ke ɓata gari," ta ɗauki gorar zumar da kanta ta miƙo min.

Abin da ya tsaya min a rai tun ɗazu shi ne, dokar kwalba ba ta tare Faruk ba. Garin sinadari ne aka ɗinke masa a kamfai, ya wuce bincike lafiya lau. Abin ya ƙi tashi yadda ya so, ya kama da wuta, fasinjoji suka danne shi. Haka mai bam a takalmi, Richard Reid, a 2001: fasinjoji da ma'aikatan jirgi ne suka rirriƙe shi, daga baya aka shafe shekaru ana sa matafiya cire takalma a Amurka. Kullum sai mugu ya zo da sabuwar hanya, sannan a toshe ta, kuma wahalar toshewar a kan irin su Umma take sauka. Duk da haka ba zan so a cire dokar haka kawai ba. Jirgin da uwata za ta hau na fi son a caje kowa, har da ita.

Mu a Kano ba sai an koya mana wannan ba. Juma'ar nan ta 20 ga Janairu 2012 ina gidan nan lokacin da ƙasa ta girgiza da bama-bamai, mutum sama da 180 aka rasa. Bayanta shingaye suka cika gari, mai babur sai ya sauka ya tura. A 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa, har yau bai dawo yadda yake ba. A 2014 da aka fara turo 'yan mata da bam a jiki, mu masu hijabi muka zama abin tsoro a garinmu. Na tsaya a layi an shafa min na'ura, an ce in ɗaga hijabi. Na ji ciwon abin, kuma ina fitowa na ji daɗi da na ga an yi wa ta bayana ma. Ƙarshen shekarar aka kai hari babban masallacin Juma'a. Tambayar da Umma ta yi min yau, ni ma na yi ta a zuciyata a bakin ƙofar kasuwa, kuma wanda ke riƙe da na'urar ba shi da hanyar sanin wace ce ni.

Zainab ta ce wasu filayen jirgi a can sun sa sababbin na'urori masu gane irin ruwan da ke cikin kwalba, har sun sassauta. Allah ya sa abin ya game ko'ina. Kafin nan dai, mun naɗe humrar da zumar a leda uku-uku, muka cusa a tsakiyar atamfofi. Zamzam ɗin ne Umma ta ce ko za a mutu ba zai shiga akwati ba, don haka gobe zan biya Sabon Gari in sayo 'yan ƙananan kwalabe a rarraba.

Ban ci abincin kirki ba, ɗanwake kawai Ladidi ta zubo min. Wuta ta ɗauke ana la'asar. Kabiru ya aro sikeli a shagon maƙwabta bayan magariba, akwatin ya haura kilo 23 da kusan huɗu. Dole gobe a rage wani abu, Umma kuma ta riga ta ce kada wanda ya taɓa mata daddawa.