Wa ake tarewa a ƙofa ranar jana'iza?

Da kawunmu ya rasu ni aka ɗora wa tsaron ƙofa, ga dangi da ba sa ga maciji da juna. Sahun salla dai ban taɓa shi ba. Sallar jana'iza farilla ce ta kifaya, wato idan wasu suka yi ta an sauke wa sauran, a fili ake yin ta, kabbara huɗu a tsaye, kuma babu mai hurumin korar Musulmi daga sahu don ya yi gaba da mamaci. Wataƙila ma addu'arsa ce za a karɓa.

Inda na tsaurara shi ne ɗakin wanka. Mutum uku sun isa: mai wankewa, mai zuba ruwa, mai taya juya gawa. Ana son amintattu, domin abin da ido ya gani a jikin mamaci ba na faɗa ba ne, mai sakin baki kuwa kafin a kai makara maƙabarta ya baza shi. Maza ke wanke namiji, mata su wanke mace. Mata na iya wanke mijinta, amma wadda aka saka har iddarta ta ƙare ba ta da wannan damar, ko ita ce uwar manyan 'ya'ya. A nan rigima ta fi tashi, don haka liman na sa ya faɗa, ban faɗa da bakina ba. Waya ma ba ta shiga, saboda masu ɗaukar hoton gawa su saka a WhatsApp.

Mai bin bashi ba a korar sa, haƙƙinsa ne. Sai a ja shi gefe, a rubuta adadin a gaban shaidu biyu, a ce ya dawo bayan sadakar uku, tunda bashi ake biya kafin rabon gado. Wanda ya zo da maganar gona ko gida a tabarmar makoki, shi ne ake tayarwa.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne tura yaro da saƙon kada wane ya zo. Babba zai ɗauka raini ne, ya zo da fushi. Dattijon da yake jin kunya za a tura, tun kafin jama'a su taru, a kuma ba shi wani aiki a waje, kamar tsayawa kan masu haƙa kabari.