Na bi tsuntsun ci-rani har ƙofar gidansa a Kvismaren

Gaskiya ni ba ma'abocin kallon tsuntsu ba ne, abokina da ke karatu a Örebro shi ya matsa min, wai tunda na shigo Suwidin a farkon watan Yuni ba zan koma ba sai na ga Kvismaren, wata fadamar tsuntsaye da ke kusa da garin. Daga Stokholm jirgin ƙasa na hau, wajen awa biyu, na kwana a ɗakinsa, ƙarfe biyu da rabi na dare yana tashina. Na ce mutumina lafiya kuwa? Ya ce leƙa taga ka gani. Wallahi gari ya fara wayewa, a lokacin nan na shekara darensu sunan dare kawai gare shi.

Tafiyar mota ba ta kai rabin awa ba, gonaki ne shimfiɗe sai ka ce faranti, can sai ga fadama, kyauro ya fi mutum tsayi. Da tafkuna ne a wurin, a shekarun 1880 aka janye ruwan don a samu ƙasar noma, daga baya aka sake tare ruwa a wasu sassan tsuntsaye suka dawo. Tun 1961 akwai tashar nazarin tsuntsaye a wurin.

Kafin in ga tsuntsun da muka zo dominsa na ji shi. Murya ce mai kaushi, karra-karra kiri-kiri gurk-gurk, kamar kwaɗo ya haɗu da ƙyauren da ya yi tsatsa, na ce wannan ne ake ce wa mawaƙi? Abokina ya miƙo min madubin hangen nesa, sai ga shi a kan tsinin kyauro, ɗan ruwan ƙasa, baki a wangale cikin bakin ja-ja, iska na kaɗa shi ko a jikinsa. Mutanen ƙasar na ce masa trastsångare, da Ingilishi great reed warbler, nauyinsa duka-duka giram 30 ne ko kusa da haka. A ƙafarsa akwai zoben ƙarfe ɗaya da na roba masu launi.

Wata ɗaliba cikin masu aikin, sanye da dogon takalmin roba har ƙirji, ta duba launukan ta duba ɗan littafinta ta ce wannan tsohon ɗan gida ne, bara ma a wannan lungun ya yi waƙa. Nan fa abin ya tsaya min a rai. Tsuntsun nan a watan Agusta yake barin wurin, ya ƙetare Bahar Rum, ya ƙetare Sahara, ya yi ci-raninsa a Afirka kudu da hamada, watan Mayu ya juyo, kuma duk faɗin Turai bai ga inda zai sauka ba sai wannan kumburin kyauron da bai fi filin ƙwallo ba, ni da ko ina na ajiye makullina sai na yi ta lalube.

Sai a 1978 irinsu suka fara sheƙa a Kvismaren, daga 1983 kuma masana na Jami'ar Lund suke bin su ɗaya bayan ɗaya, kusan kowane ɗan tsako sai an sa masa zobe kafin ya tashi, shi ya sa suka san wa ya haifi wa. Abin da suka gano shi ne manya, musamman mazan, sun fi riƙe wuri. Matasa su ne masu yawo, amma su ɗin ma ba nisa suke yi ba, yawanci ko su dawo inda aka ƙyanƙyashe su ko su faɗa wata fadama da ke kusa. Kuma in ka duba da dalili, fadama ba kamar daji ba ce da za ka ɗan gusa gaba ka samu irinta, tsibiri ce a tsakiyar gonaki, in ka bar wannan sai ka yi tafiya kafin wata. Sun kuma ga cewa namijin da aka haifa a wurin ya fi baƙon namiji barin zuri'a. Na ce ashe har a tsuntsaye kowa ya bar gida gida ya bar shi, abokina da ya shekara huɗu rabonsa da gida ya harare ni ya ce malam kama kanka.

Mun kutsa cikin ruwa za a nuna min sheƙa, a nan ƙafata ta zurma cikin taɓo ruwan sanyi ya cika min takalmi, ga sauro kamar an aiko su. Amma na gani. Ƙoƙo ne mai zurfi da macen ta saƙa ta ɗaure shi jikin sandunan kyauro uku zuwa huɗu, yana lilo a saman ruwa, ƙwai biyar masu ɗigo-ɗigo a ciki. Namiji ɗaya kan tara mata biyu ko uku in yankinsa mai kyau ne, to ka ga wanda ya riga isowa kuma ya san lungu shi ke kwashe rabo. Doguwar waƙar nan ma ta neman aure ce, da ya samu sai ya koma gajera.

Na tambayi ɗalibar, wanda bai dawo ba fa? Ta ce nan ne ciwon kan aikin, in ba a gan shi ba ko ya mutu a hanya ko ya yi ƙaura, littafi ba zai faɗa maka ba, sai dai a yi ta zagaya sauran tafkuna ana karanta zobba. Yanzu har 'yar na'ura suke goya musu a baya, da ita aka gano a 2021 cewa in gari ya waye musu a kan hamada ba sa sauka, sama suke ƙara yi, daga wajen mita 2,400 da dare zuwa sama da 5,000 da rana. Ita ma na'urar ba ta aiko da komai, dole sai tsuntsun ya dawo an kama shi a raga an cire ta, wato da ba don wannan naci nasa na komawa wuri ɗaya ba da babu labari.

Wajen ƙarfe bakwai muka fito, na zauna a bakin mota ina matse safa ina rawar ɗari, shi kuwa gogan yana can kan kyauronsa bai rufe baki ba.